Baƙin Lalle da Zanen Tatu: Ƙaiƙayin Iri Ɗaya Ne, Maganin Ya Bambanta

'Yar uwa, kin ce ƙanwarki ta yi baƙin lalle na biki, bayan mako guda hannunta ya feso da ƙuraje masu ruwa. Shi kuma ɗan yayanki da ke karatu a Ingila tatu ya yi da allura, wajen jan launin ya kumbura yana ƙaiƙayi. Kika tambaya ko magani ɗaya zai yi musu. A'a, ba zai yi ba. Allah Ya ba su lafiya.

Bambancin yana ga inda launin ya zauna. Lalle a saman fata yake, cikin makonni kaɗan ya goge. Tawadar tatu kuwa allura ce ta kai ta can ƙarƙashin fata, kuma tana nan daram, jiki na ta faɗa da abin da ba zai iya fitarwa ba.

Na ƙanwarki ya fi tsaya mini a rai, don shi ne a gidajenmu. Ganyen lalle na asali ja yake kamawa, sai an kwana da shi ko an daɗe a ƙunshe. Wanda ke yin baƙi ƙirin cikin rabin awa, galibi an zuba masa sinadarin PPD, na cikin dayis ɗin rina gashi. A karon farko yakan ɗauki kwana 7 zuwa 14 kafin ya nuna, shi ya sa ba a zarginsa. Na ga hannun wata amarya, kowane ganye da furen da aka zana ya tashi ya duri ruwa, ƙurajen sun bi zanen sak. Ita ƙanwarki, ta daina sosawa, kada ta fasa ƙurajen, ta riƙa ɗora tsumma mai tsabta da ruwan sanyi. Likita kan rubuta man shafawa mai sitiroyid, wato maganin kwantar da kumburi, irin su betamethasone, da ƙwayar rage ƙaiƙayi kamar cetirizine. Idan abin ya yi tsanani, a ƙara da ƙwayar sitiroyid ta sha, prednisolone, na 'yan kwanaki. Don Allah ban da man goge baki, ban da lemun tsami, ban da man bilicin. Ƙurajen za su warke, tabon fari ko baƙi kan yi watanni. Amma jikinta ya riga ya shaida sinadarin, kuma ba ya mantawa. Ranar da ta shafa baƙin dayis a kai, fuska na iya kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu. Ta bar su duka biyun har abada.

Shi yaron, jar tawada ita ce ta fi kowace kala jawo wannan, kuma takan tashi ko bayan shekaru. Shafe-shafe kaɗai ba kasafai yake isa ba. Akan fara da clobetasol, man sitiroyid mai ƙarfi, in ya ƙi, likitan fata ya yi allurar sitiroyid ta triamcinolone a cikin kumburin. In ya ƙi nan ma, sai a kankare ko a yanke wajen. Kada ya ruga wurin masu goge tatu da na'urar haske mai ƙarfi, wato leza, domin farfasa tawadar na iya watsa ta cikin jiki, abin ya ƙaru. 

Ki tambaye shi abu guda: jan wajen kaɗai ne ya tashi, ko duk zanen? In akwai mugunya, zafi, zazzaɓi, ko ja yana yaɗuwa, ƙwayoyin cuta ne suka shiga. Nan sitiroyid ƙara lalata wajen zai yi, maganin kashe ƙwayoyin cuta yake buƙata, yau ba gobe ba. Haka ita ma, in leɓe ko ido ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a wuce da ita asibiti nan take.