Ranar da na raka manomi ofishin tallafi a Iowa

Shekarata uku ke nan ina aiki a wata gonar masara da waken suya a jihar Iowa ta Amurka, amma sai a watan Yulin da ya wuce na ga abin da ya hana ni barci. Maigidana, dattijo da ya haura shekara saba'in, ya ce in kai shi ofishin ma'aikatar gona na gundumarmu domin ya bayyana abin da ya shuka kafin wa'adin 15 ga wata ya cika. Ni kuwa na shirya wa zaman benci na yini guda, kamar yadda muka saba a ƙasarmu. Muna shiga, ma'aikaciyar ta gaishe shi da sunansa, ta fito da hoton gonarsa da aka ɗauka daga sama, kowane fili da lambarsa da yawan ekarsa. Ya nuna da alƙalami inda masara take da inda wake yake, ya sa hannu. Ko rabin sa'a ba mu yi ba muka fito, ba a ce mu dawo gobe ba, ba a kuma yi zancen na goro ba.

A hanya ya warware mini lissafin. Gwamnatin tarayya ba ta raba taki a nan, kuɗi take zubawa a asusun manomi. A zamanin dokar gona ta 2018, an tsayar da dala 3.70 a kan kowane bushel na masara, wato awo mai kimanin kilo 25, ta yadda idan matsakaicin farashin shekara ya faɗi ƙasa da haka sai a cike giɓin bisa tarihin abin da gonar ke bayarwa. Gwamnati kuma tana ɗaukar kusan kashi 60 cikin ɗari na kuɗin inshorar amfanin gona, don haka fari ko ƙanƙarar damina ɗaya ba sa tsiyata mutum. Tushen tsarin ya faro tun 1933, zamanin Shugaba Roosevelt.

Da muka isa gida ya buɗe kwamfuta, ya shiga shafin wata ƙungiya mai suna Environmental Working Group, ya zaɓi gundumarmu, sai ga sunayen waɗanda suka karɓi tallafi tun daga 1995, kowa da adadin abin da aka ba shi. Ya nuna mini nasa, ya nuna mini na maƙwabcinsa, sannan ya juyo da zuciya ɗaya ya tambaye ni nawa mahaifina yake samu a shekara. Wallahi na rasa abin faɗa. Abin da ya faɗo mini shi ne Baba tsaye a rana da tsohon buhu a kafaɗa, ana raba wa mutum biyar buhun taki ɗaya da tiya, bayan gero ya riga ya fid da kai. Kuma kada mu ɗora wa masu mulki laifin duka, domin mu ne muke kallon wanda ko fartanya ba shi da ita ya shiga jerin manoma, ya sayar da rabonsa a bakin kasuwa, sannan mu ce ya iya neman abinci.

Ba zan ɓoye muku abin da ke ba ni haushi a nan ba. Tallafin yana bin yawan eka ne, saboda haka manyan gonaki ne ke kwashe kaso mafi tsoka, har da fiye da dala biliyan 20 da aka raba a kan amfanin 2018 da 2019 lokacin rikicin ciniki da ƙasar Sin. Da wannan kuɗi suke sayen gonar duk wanda ya gaza, kuɗin hayar fili ya yi ta hawa, irina da ke son eka goma ya gwada noman yakuwa da kuɓewa ba shi da wurin sa ƙafa. Gidajen gona da yawa a hanyarmu sun zama kufai, mutum ɗaya da injinsa yana noma abin da ƙauyenmu gaba ɗaya ba zai iya ba ko da an kira gayya, kuma sai in yini a fili ban ji wanda ya ce mini sannu da aiki ba.

A daren nan na aika wa Baba kuɗin buhu biyu na yuriya. Da na ba shi labarin jerin sunayen a waya, sai ya yi shiru, can ya tambaye ni ko da gaske kowa na iya dubawa, har wanda ba a ba shi komai ba.