Ajin PLAB na Zoo Road: karatu ya yi, lissafin albashi ne da sauran magana

Wata uku na yi ina zuwa wani ajin share fagen jarrabawar PLAB, wadda likitocin ƙasashen waje ke yi don samun izinin aiki a Birtaniya, a saman wani bene da ke Zoo Road, Asabar da Lahadi, wani zubin kai tsaye daga kwanan asibiti, ido jajir. Da gumina na biya, don haka bari in faɗi abin da na gani.

Karatun kam babu laifi. PLAB 1 tambaya 180 ce cikin awa uku, minti ɗaya kowace tambaya ke nan, kuma malaminmu ya matsa mana da agogo har muka saba. Ya kuma raba mu da ɗabi'ar amsawa da abin da muka saba yi a nan, inda kafin ka rubuta magani sai ka dubi aljihun majiyyaci; a Birtaniya ƙa'idar NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya, ake bi. Fanka biyu ce dai ga mutum kusan talatin, kuma kun san Kano a Afrilu.

Inda muka raba gari shi ne ranar da mai wurin ya shigo da kalkuleta. Ya ɗauko albashin sabon likita a Ingila, fam dubu 36 da ɗoriya a shekara a 2024, ya buga da canjin Wapa, aji ya ɗauki salati. Na ce, "Ranka ya daɗe, haraji da kuɗin haya fa?" Ya ce in na je na gani. Bai ambaci cewa likitocin can da kansu sun shiga yajin aiki kan albashi tun Maris 2023 ba. Bai ce PLAB 2, kashi na biyu na jarrabawar, sai ka je Manchester, biza da jirgi da masauki duk a wuyanka ba, balle ya ce cin jarrabawa daban, samun gurbin horon ƙwarewa daban.

Da wani ya tambayi Amurka, dala kawai mai wurin ya lissafa. Ɗan can sai ya yi digirin shekara huɗu kafin wasu huɗun na likitanci, da yawa kuma su fito da bashin kusan dala dubu 200. Mu shekara shida muka yi, ɗaya ta sanin makamar aiki, ɗaya ta bautar ƙasa, ba mu da irin wannan bashin, sai dai albashin kan ƙare kafin wata.

Mai son cin PLAB 1 ya je, zai amfana. Ranar kalkuleta kuwa ya zo da tasa, da mafici.