Wane littafin tatsuniyoyi da waƙoƙin Rasha ya kamata a saya wa yara? Ku duba wannan kafin ku fitar da kuɗi

Yawancin iyaye da malamai in suka tashi nuna wa yara adabin Rasha abin da suke yi shi ne su shiga intanet, su ga littafi mai kyan bango ga gimbiya ga tsuntsun wuta, sai kawai su biya. Littafi ya iso yaro ya sha kallon hotuna kwana biyu ya ajiye, in ka tambaye shi me ya fahimta sai ya ce akwai wata tsohuwa mai ban tsoro, shi ke nan. Ba laifin yaron ba ne. Tatsuniya daban take waƙa daban, kuma littafin da zai biya maka buƙatar ɗaya da wuya ya biya maka ta ɗayar, to kafin maganar farashi wannan ya kamata mutum ya fara rabewa.

Sai tambaya ta biyu, yaron yana jin Rashanci ko a'a? Don akwai 'yan uwanmu da karatu ko aiki ya zaunar da su a Mosko ko Kazan, yaransu suna makarantar can kuma dole a ba su haddar waƙar Pushkin, babban mawaƙin Rasha, su zo su karanta a gaban aji, akwai kuma malamin da yake gida yana so ɗalibansa su ɗanɗani adabin wata al'umma ta hanyar Turanci ko Faransanci. Buƙatarsu ba ɗaya ba ce ko kaɗan.

Bari in fara da tatsuniyoyi tunda su suka fi sauƙin saye. Tushen kusan duk abin da za ka gani a kasuwa shi ne tarin Aleksandar Afanasyev, wanda ya fitar tsakanin 1855 da 1863, tatsuniya wajen 600. A ciki ne ake samun Baba Yaga mai bukka a kan ƙafafun kaza wadda take tashi sama a cikin turmi, da Koshchei wanda aka ɓoye mutuwarsa cikin ƙwai, ƙwan cikin agwagwa, agwagwar cikin zomo, da Vasilisa kyakkyawa da 'yar tsanar da mahaifiyarta ta bar mata lokacin da za ta rasu. A Turanci akwai babbar fassarar Norbert Guterman ta 1945 da kamfanin Pantheon ya buga, katon littafi ne kuma amintacce, amma gaskiya wannan na malami ne ba na yaro ba, don tatsuniyoyin suna nan yadda aka ji su daga bakin mutanen ƙauye, wasu gajeru wasu a bushe wasu da tsananin rashin tausayi. Malam ya saya ya ajiye a gida ya riƙa zaɓo wadda zai kawo aji. In yaro ne zai karanta da kansa, na fi son na Arthur Ransome mai suna Old Peter's Russian Tales na 1916, shi ya sake ba da labaran ne ta bakin wani tsoho mai yi wa jikokinsa biyu hira a bukkarsa cikin daji, harshen mai taushi ne, kuma tunda ya tsufa ana samunsa kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg, sai ka buga shafukan da kake so a shagon kwamfuta. Illarsa ɗaya, Ransome ya sa hannunsa a ciki, ya gyara ya ƙawata, don haka in nazari ake so na gaske kada a ɗauka kalma da kalma haka Rashawa suka faɗa. Tsakanin waɗannan biyun akwai na Robert Chandler da Penguin ta fitar a 2012, Russian Magic Tales from Pushkin to Platonov, ya haɗa na gargajiya da na marubuta kuma da bayani a kan kowanne, ya dace da 'yan babbar sakandare da malamansu.

Gargaɗi guda da nake so kowane uba da uwa su riƙe: Afanasyev yana da wani tarin dabam na tatsuniyoyin batsa wanda aka buga a Janeba ta ƙasar Suwizalan ba a Rasha ba, kuma ana sayar da fassararsa da sunan tatsuniyoyin sirri na Rasha. Sunan marubucin ɗaya ne, bangon ma wani lokacin ba ya nuna komai. Don Allah a karanta sunan littafi da kyau kafin a biya. Haka ma a cikin na yaran akwai wurin da ƙoƙon kan mutum mai idanun wuta yake ƙone kishiyar uwar Vasilisa da 'ya'yanta ƙurmus, ɗan shekara biyar ba zai yi barci ba. Ƙanana a fara musu da su Kolobok, ɗan dunƙulen burodin da ya gudu daga gida yana waƙa har dila ya yaudare shi ya cinye, da Repka, inda tsoho da tsohuwa da jika da kare da kyanwa suka kasa tumɓuke wata saiwa sai da ɓera ya zo ya kama.

Maganar hotuna kuwa, in za ka biya kuɗin zane to ka biya na Ivan Bilibin, wanda ya fara zana waɗannan tatsuniyoyi tun 1899. Ba ado ba ne kawai, yaron da bai taɓa ganin gidan katako ko dajin Rasha ko irin suturarsu ba a nan zai gani, kuma kowane shafi an kewaye shi da ado irin na saƙar gargajiyarsu. Amma littattafan da ake sa wa zanensa da yawa tatsuniya biyar ko shida ne kawai a ciki, ka duba adadin shafi kada tsadar ta ruɗe ka.

To yanzu waƙa, nan ne ake asarar kuɗi. Pushkin, wanda aka haifa a 1799 ya rasu a 1837, ya rubuta tatsuniyoyinsa ne a waƙe: ta Sarki Saltan a 1831, ta masunci da kifi da ta matacciyar gimbiya da jarumai bakwai a 1833, ta zakaran zinariya a 1834. Masu buga littattafan yara da yawa sai su zube waƙar su mai da ita labari a shafi huɗu su rubuta sunan Pushkin a bango. Wlh wannan ba Pushkin ba ne, an ba ka ƙashi ne an riƙe naman. Ga gwajin da nake ba kowa shawara ya yi a kanti ko a shafukan da ake nunawa kyauta kafin saye. Buɗe labarin masunci da kifi. Tsoho da matarsa shekara 33 suna zaune a bakin teku, ya jefa koma sau uku, na farko taɓo, na biyu ciyawar ruwa, na uku ɗan kifin zinariya mai magana, ya sake shi bai nemi komai ba. Matar ta fara aikensa, sabon kwamin wanki, sai gida, sai ta zama babbar mace mai daraja, sai sarauniya, daga ƙarshe ta ce ita mulkin teku take so kifin ya zama ɗan aikenta. Abin da za ka duba shi ne tekun. Duk lokacin da tsohon ya koma bakin ruwa Pushkin yana canza kamanninsa, yawanci a layi ɗaya tak, da farko ɗan motsi kawai, sai ya gurɓace, sai ya rasa natsuwa, sai ya yi baƙi, a zuwan ƙarshe baƙar guguwa ce ta taso. Babu inda ya ce kifin ya fusata, tekun ne yake faɗa. In littafin da ke hannunka ya share waɗannan layuka ya bar jerin buƙatun matar kawai, mayar da shi, don darasin nazarin gaba ɗaya a nan yake. Ka tambayi ɗan aji huɗu me ya sa ruwan yake canzawa, ka ga yadda zai fara juya shafi baya yana nema da kansa, wani ma zai ce ai tsohon ma da laifinsa tunda duk lokacin da ta aike shi sai ya je, daga nan aji ya kaure da gardama. Wannan shi ne nazari, ba sai an sayi littafin tambaya da amsa ba.

Ga wanda yaransa ke jin Rashanci, shawarata a sayi na asali, kuma a duba ko an sa alamar inda ake danna murya a kan kalmomi. Littattafan da aka buga wa 'yan ƙasa yawanci ba sa sawa tunda su sun sani, amma yaron da Rashanci ba harshen gidansu ba ne in ya danna a gurbin da ba shi ba karin waƙar ya karye, ya haddace da kuskure malamar aji ta yi ta gyara shi gaban yara. Kamfanin Zlatoust na San Fitasbag yana buga littattafan karatu don baƙi masu wannan alama, an kuma jera su mataki mataki. Littattafan makarantun Rasha kuma na kamfanin Prosveshchenie, na Klimanova a firamare da na Korovina daga aji 5, suna da waƙoƙin da tambayoyi a ƙarshen kowacce, amma makaranta takan bayar da su aro, kada ka yi gaggawar saye sai ka tambaya. Abin da ya fi amfani a gida shi ne tarin da suke kira hirestomatiya, littafi ɗaya da ya tattaro duk abin da ake karantawa a ajin, ba tsada kuma.

Wanda ba ya jin harshen fa? Gaskiya fassarar waƙa ba ta taɓa cika, ko a riƙe amsa-amo a karkata ma'ana ko a riƙe ma'ana waƙar ta mutu. Ni na fi son mai shafi biyu, Rashanci a hagu fassara a dama, a haɗa da sautin wani ɗan ƙasar yana karantawa, wanda ake samu kyauta a YouTube. Ko yaro bai san harafi ɗaya cikin 33 ɗinsu ba kunnensa zai kama bugun, kuma yaranmu da suka taso da waƙoƙin Islamiyya da rubutacciyar waƙar Hausa sun san kari da amsa-amo tun kafin a sanya musu suna a aji, sai ka ga suna tafa hannu daidai. Ga manyan ɗalibai The Penguin Book of Russian Poetry na 2015 ya wadatar, sai dai fassara ce zalla kuma ba don yara aka tsara shi ba.

Kada a manta da Ivan Krylov, 1769 zuwa 1844, shi kam ko a fassara yana tafiya lafiya saboda gajerun labaran dabbobi ne masu hannunka mai sanda: hankaka da dila da guntun cuku, ko wadda tsuntsun ruwa da kifi da ɗan'uwan ƙaguwa suka ɗauki jan amalanke, wannan ya ja sama wannan ya ja ruwa wannan ya ja baya, amalanke yana nan inda yake. Siririn littafin Krylov ya fi katon kundin da ba za a buɗe ba. Mawaƙi Lermontov kuma waƙarsa ta filafilan jirgin ruwa ta 1832 layi 12 ce kacal, baiti uku, kowane baiti layi biyu na farko hoton teku ne biyu na ƙarshe tunanin mawaƙin, yaro ɗan ƙaramar sakandare zai iya gano wannan tsarin da fensir a hannunsa. Ba sai ka sayi littafi don ita ba, shafi ɗaya ne. Waƙoƙin lokacin sanyi kuwa irin na Pushkin da Tyutchev da Fet, in yaran ba su taɓa ganin dusar ƙanƙara ba a jinkirta su, ko a fara nuna bidiyo, in ba haka ba kalmomi ne kawai za su haddace.

Malamai sukan tambaya ko su sayi littafin Vladimir Propp na 1928, wanda ya ɗauki tatsuniya 100 daga tarin Afanasyev ya nuna cewa matakai 31 ne suke ta maimaituwa cikinsu, wani ya bar gida, an yi hani an karya, mugu ya yi ɓarna, jarumi ya fita, an gwada shi an ba shi abin taimako, har zuwa aure. Littafin yana da nauyi, ɗalibin jami'a ma sai ya daure. Malam ya karanta taƙaitaccen bayaninsa ya isa, sannan ya kawo tatsuniyar Morozko, inda kishiyar uwa ta sa aka kai yarinya daji cikin sanyi, ta yi ladabi ta dawo da dukiya, aka tura 'yar gata ta yi rashin kunya ta halaka. Ba sai ka ce komai ba, yaran da kansu za su ce ai wannan 'yar bora da 'yar mowa ce. Sai ka sa su jera me ya yi daidai me ya bambanta, da dalilin da ya sa a can sanyi ne yake gwada yarinyar.

Fina-finan zane na kamfanin Soyuzmultfilm, kamar na masunci da kifi na 1950 da na Sarki Saltan na 1984, suna amfani da baitocin Pushkin ɗin kansu kuma ba sai an biya ba, amma a bari sai bayan karatu, don in yaro ya riga ya ga fim ba zai ƙara hango tekun da idon zuciyarsa ba. Wani abin da yake jawo hankalin yara sosai shi ne a gaya musu kakan mahaifiyar Pushkin, Abram Gannibal, ɗan Afirka ne da aka kai fadar Sarki Bitrus Babba yana yaro, kuma masanin tarihi ɗan Benin Dieudonné Gnammankou ya kawo hujjar cewa daga Logone yake, kudu da tafkin Chadi, a arewacin Kamaru ta yau.

In kuɗin littafi ɗaya gare ka kuma yaran 'yan firamare ne, ka sa shi a tatsuniyoyin Pushkin cikakku a waƙe waɗanda suka ci gwajin teku, sauran ka buga daga intanet. In daga waje za a aiko maka, ka tambayi kuɗin aike tukuna don wani lokacin ya fi na littafin, kuma ka leƙa wajen masu tsofaffin littattafai, har yanzu akan ci karo da bugun Turanci na kamfanonin Progress da Raduga na zamanin Tarayyar Sobiyet, takarda mai ƙwari da zane mai kyau, sai dai a duba ko shafukan sun cika kafin a biya.