A goge C kaɗai, ko a share faifan duka?

Duk wanda ya kai laftof Beirut Road a Kano don a sa masa sabuwar Windows ya san tambayar: "Yallaɓai, C za mu yi wa fomatin ko gaba ɗaya?"

Goge C kaɗai, wato ɓangaren faifan kwamfuta da Windows take zaune a kai, ya fi kwanciyar hankali. Hotunan biki da takardun makaranta da ke ɓangaren D suna nan lafiya lau. Sai dai fa abin da ke kan Desktop da Downloads duk a C yake zaune, kuma nan ne mutane ke kuka. Na ga ɗalibi ya dafe kai, aikinsa na ƙarshen shekara ya bi ruwa.

Share duka kuwa sai da dalili. Faifai mai tsohon tsarin rabo da ake kira MBR ba ya amfani da abin da ya haura 2TB, manyan ɓangarori huɗu kawai yake ɗauka, ita kuma Windows 11 da UEFI (sabon tsarin tayar da kwamfuta) take tashi, shi kuma sabon tsarin rabo na GPT yake so. Don sauya MBR zuwa GPT, masu gyara kan share komai su raba faifan sabo.

Ni dai idan ba tsari zan sauya ba, C nake gogewa, bayan na kwashe kayana a filashi.