Korg TM-60 ga mai shirin jarrabawar jitar bas: amfaninta da inda ta gaza

Ɗalibin jitar bas da ke shirin jarrabawa yakan haddace sikel ɗinsa tsaf, wato jerin sautukan nan da ake hawa a sauko, amma ranar gwaji maki ya zube a wurin lokaci: wani sauti ya riga bugu, wani ya makara. A jarrabawar Rockschool ta ƙasar Ingila, alal misali, akwai sashen sikel da arfejiyo (kaɗa sautukan haɗi ɗaya bayan ɗaya), kuma da bugun metronom, wato na'urar ƙidayar bugu, ake auna saurinsa. Shi ya sa muka ɗora Korg TM-60 a kan wannan ma'auni kaɗai: shin tana gyara wa mai koyo lokaci?

Na'ura ce 'yar ƙarama, ba ta wuce tafin hannu ba, tana aiki da ƙananan batura biyu samfurin AAA. Aiki biyu take yi, saita tsirkiya da ƙidayar bugu, kuma ana iya kunna su tare. Saurin bugunta daga 30 ne zuwa 252 a minti.

Alherinta yana ɓangaren metronom. Ana iya ƙara sauri ta tsallen gargajiya, 60, 63, 66, 69, 72, 76, 80, ko kuma ɗaya bayan ɗaya. Na biyun shi ne abin da mai sikel ke buƙata, domin yatsun da suka zauna lafiya a 72 sukan watse a 76, alhali 73 da 74 ba za su dame su ba. Tana kuma raba bugu gida biyu, uku ko huɗu, tana ƙarfafa bugun farko na kowace gaɓa (rukunin bugu da ake ƙirgawa tare), ko ta bar su duka bai ɗaya idan an sa adadin a sifiri.

A ɗauki sikel ɗin G mejo, oktaf ɗaya (daga G zuwa G ta sama), a bas mai tsirkiya huɗu. A tsirkiyar E, yatsan tsakiya a firet na 3 (firet su ne ƙarafan da ke jere a wuyan jitar), ƙaramin yatsa a na 5. A tsirkiyar A, manuniya a na 2, na tsakiya a na 3, ƙarami a na 5. A tsirkiyar D, manuniya a na 2, yatsan zobe a na 4, ƙarami a na 5. Hawa da sauka sautuka 15 ne idan ba a maimaita na ƙololuwa ba. A sa na'urar a 60, bugu huɗu a gaɓa, a kaɗa sauti biyu a kowane bugu. G ta ƙarshe dole ta sauka daidai kan bugu na huɗu na gaɓa ta biyu. In ta sauka a wani wuri, to an ci wani sauti ko an yi gaggawa a hanya. Da farko a kunna rabon gida biyu don kowane sauti ya sami bugunsa. Idan aka yi sau biyar a jere ba tuntuɓe, a kashe rabon, a bar bugu huɗun kawai, sannan a fara ƙara saurin biyu-biyu.

A nan ne metronom ke tona abin da kunne ya saba yafewa. Gaggawa ta fi faruwa wajen saukowa, lokacin da aka tsallaka daga D zuwa A. Dalili kuwa, yatsan hannun kaɗi da ya ja tsirkiyar D yana kwantawa a kan A, sai ya zarce ya ja ta tun lokaci bai yi ba. Maganinsa a rage sauri da goma, a riƙa musanya manuniya da na tsakiya babu fashi har hannu ya saba. Makara kuma tana zuwa ne a hannun dannawa: tsakanin firet na 2 da na 5 a bas mai tsawon inci 34 akwai wajen santimita 12, ƙaramin yatsa bai kai ba sai an miƙa shi, sautin ya fito a makare da ƙarar zizzz. Kada a tilasta miƙewar. A ajiye babban yatsa a bayan wuyan jitar, daura da na tsakiya, a ɗan gusa hannun gaba ɗaya, a danna dab da ƙarfen firet, ba tsakiyar fili ba.

Mataki na gaba, wanda muke ganin ya fi kowanne amfani, shi ne rage saurin na'urar zuwa rabi. Mai kaɗa sikel a 80 ya mayar da na'urar 40, ya ci gaba da saurinsa na da, ta yadda rabin ƙidayar ta koma cikin kansa. Wannan yana da muhimmanci ga wanda zai ji bugun shiga kawai a ɗakin jarrabawa sannan ya ci gaba shi kaɗai. Sai dai a nan TM-60 ta nuna iyakarta. Tunda ba ta sauka ƙasa da 30, ba za a iya sa bugu ɗaya a kowace gaɓa a saurin 80 ba, domin hakan yana buƙatar 20. Manhajojin waya da dama sun fi ta a wannan, har da masu yin shiru na gaɓa guda su dawo.

Lasifikarta ma ƙarama ce. Da zarar an ɗaga amfilifaya, sai ƙarar bas ta danne ta, mai koyo ya koma kallon allo maimakon sauraro. Gara a rage amfilifaya, ko a sa abin ji a kunne ɗaya ta ƙaramar kafar da ke jikinta.

Ɓangaren saita tsirkiya yana aikinsa, da sharaɗi. A haɗa jitar da waya kai tsaye, kada a dogara da makirufon ciki, don yakan ɗauki hayaniyar ɗaki. Babu kafar da sauti zai wuce zuwa amfilifaya, saboda haka sai an zare waya, a saita, a mayar. Sauti mafi ƙasa da aka ƙayyade mata shi ne C1, wato 32.7 Hz (adadin girgizar sauti a daƙiƙa). Tsirkiyar E tana 41.2, ta shiga ciki, ko da yake allurar da ke allo kan yi rawa kafin ta tsaya idan an ja da ƙarfi. Mai bas mai tsirkiya biyar kuwa ya sani cewa B ɗinsa tana 30.9, ƙasa da iyakar. Ya taɓa tsirkiyar a hankali a saman firet na 12 ba tare da dannawa ba, ya kaɗa, zai sami sautin oktaf ɗaya sama wanda na'urar ke karantawa ba wahala. A kuma riƙa duba lambar 440, wato ma'aunin sautin A da ake saiti a kansa, a allo kafin a fara. Ana iya sauya ta daga 410 zuwa 480, kuma yatsa kan taɓa maɓallin bisa kuskure, sai jitar ta saɓa da kiɗan rakiya na jarrabawa gaba ɗaya.

Ba ta naɗar sauti, don haka a ajiye wayar hannu a gefe ta ɗauki atisayen, a saurara daga baya. Ga ɗalibin matakan jarrabawa na farko zuwa na tsakiya mai bas mai tsirkiya huɗu, muna ba da shawarar a saye ta: ba saƙon da zai shigo ya ɗauke hankali, kuma maɓallanta suna ƙarƙashin yatsa. Wanda ya kai mataki na 6 zuwa na 8, yana son bugu mai nisa tsakani, zai buƙaci manhaja a gefenta.