Marvel ko DC: wanne ya cancanci kuɗinka da datarka a 2026 da 2027?

Kamfanonin Amurka masu shirya finafinan jarumai masu ƙarfin ban al'ajabi sun fitar da jadawalinsu na shekaru biyu, kuma kowanne so yake ka ɗauka nasa ne ba ya ƙetaruwa. Mai kuɗin tikitin sinima ɗaya ko biyu a shekara, ko wanda datarsa a ƙirge take, dole ya zaɓa. Kafin ka duba wanda ya fi tallan ban sha'awa, tambayi kanka abu ɗaya: fim nawa zan kalla tukuna kafin in gane wannan sabon? Nan ne tsadar take, ba a bakin ƙofar sinima ba.

Mu fara da Marvel, tunda ita ce babba. Disney ta saye ta a 2009 a kan dala biliyan 4, kuma Kevin Feige ne ke jan ragamar finafinanta. Daga Iron Man na 2008 zuwa The Fantastic Four: First Steps na Yulin 2025, finafinai 37 ta jera a zare guda, ban da masu dogon zango na Disney+, manhajar kallo ta Disney. Tsarinta tamkar adashi ne: ka yi ta zubi shekara da shekaru, sai ranar kwasa ka ga amfanin haƙurinka. An yi kwasa ɗaya a 2019 da Avengers: Endgame, wanda ya tara kusan dala biliyan 2.8. Ta gaba ita ce Avengers: Doomsday, da aka sa wa ranar 18 ga Disamba 2026, sai Avengers: Secret Wars a 17 ga Disamba 2027. 'Yan'uwan nan biyu, Anthony da Joe Russo, waɗanda suka ba da umarni a Endgame, su aka sake kira.

Abin da ya fi jan hankali shi ne dawowar Robert Downey Jr., amma ba a matsayin Iron Man ba, a matsayin mugu Doctor Doom. Ba haka aka tsara tun farko ba. Kang ne aka shirya zai zama babban abokin gaba, sai kotu ta samu Jonathan Majors, mai fitowa a matsayinsa, da laifi a Disambar 2023, kamfanin ya sallame shi, aka sake lale. An kuma kwaso tsofaffin 'yan X-Men irin su Patrick Stewart da Ian McKellen, abin da ya yiwu saboda Disney ta haɗiye Fox, kamfanin da ke riƙe da haƙƙin finafinan X-Men, a 2019, ga mutanen Wakanda, ƙasar da ke cikin fim ɗin Black Panther, ga Fantastic Four. A ganina wannan taron dangi ne da aka shirya wa tsofaffin masoya. Wanda ya yi zubi tun 2008 zai yi ihu a kujerarsa. Wanda ya shigo jiya zai yi ta taɓa na kusa da shi yana tambaya, “Wancan kuma waye?”

Kuma Marvel ta daina zama abin da ake saye ido rufe. The Marvels na 2023 da ƙyar ya wuce dala miliyan 200, mafi ƙaranci a tarihin jerin, alhali Deadpool & Wolverine na 2024 ya haura biliyan 1.3. Tambari ɗaya ne, kaya ne suka bambanta.

DC kuwa rushe gini ta yi ta sake aza tubali. A ƙarshen 2022 Warner Bros., uwar kamfanin DC, ta damƙa wa James Gunn da Peter Safran sabon DC Studios, suka ajiye yawancin abin da aka gina a baya, suka buɗe finafinansu na sinima da Superman a Yulin 2025, David Corenswet ne jarumin, kuma ya tara sama da dala miliyan 600. Ba kuɗin Avengers ba ne, amma ga sabon mai kallo wannan garaɓasa ce: fim ɗaya ka kalla, ka kamo kowa. Bayansa an jera Supergirl, da Milly Alcock, a 26 ga Yuni 2026, sai Clayface duk a 2026, sai Man of Tomorrow, ci gaban Superman, a 9 ga Yuli 2027. Gunn ya sha nanata cewa ba a kunna kyamara sai an gama rubuta labari. Shi ya sa wasu ayyukan da ya sanar a Janairun 2023 suka yi ta jan ƙafa, kuma ni ban ga laifin hakan ba.

Sai dai a kula, kayan DC ba ɗanɗano ɗaya ba ne. Superman fim ne mai haske da raha, har da karensa Krypto mai rashin ji. Clayface fim ne na ban tsoro. Peacemaker da Creature Commandos, masu dogon zango na DC, na manya ne zalla, cike da ashar da jini, duk da cewa na biyun zane ne. Maigida, kada ka ga katun ka miƙa wa yara waya ka tafi kasuwa. Haka ma Deadpool a ɓangaren Marvel. Duba alamar shekaru: PG-13 na nufin a yi hattara da 'yan ƙasa da 13, R kuma ta manya ce.

Akwai Batman na Matt Reeves, wanda Robert Pattinson ke fitowa a ciki. Shi a gefe yake, ba ruwansa da duniyar Superman. Na farkon ya fito a 2022, kusan awa uku, mai duhu, ya fi kama da labarin ɗan sanda mai bincike. An sa wa na biyun 1 ga Oktoba 2027. Wanda ba ya son tashi sama da baƙin halittu, wannan ne nasa.

Spider-Man kuma rabon gado ne: haƙƙin finafinansa na hannun Sony, amma na Tom Holland da Marvel ake yin su. Spider-Man: Brand New Day an sa masa 31 ga Yuli 2026, kuma tunda fim ɗin 2021 ya ƙare da duniya ta manta ko wane ne Peter Parker, wato Spider-Man ɗin kansa, ƙofa ce mai sauƙin shiga. Na zanen nan, Spider-Verse, wanda kashinsa na farko ya ci kyautar Oscar, shi ne na fi yarda a zauna a kalla da yaran da suka ɗan tasa. Sauran kayan Sony irin su Morbius, Madame Web da Kraven the Hunter, adana datarka.

Wani abu da ya shafi dukkansu: ranar da aka sanar ba alkawari ba ce. Doomsday a Mayun 2026 aka fara sa shi. Batman na biyu ya tashi daga 2025 zuwa 2026, ya sake tashi zuwa 2027. Kashi na uku na Spider-Verse, wanda aka ce Maris 2024, ya koma Yunin 2027. Blade, da aka sanar tun 2019 da Mahershala Ali, an cire shi daga jadawali a 2024. Batgirl ma an gama ɗaukarsa, an kashe kimanin dala miliyan 90, aka rufe shi a 2022 ba wanda ya gani. Don haka kada ka biya kuɗin wata na wata manhajar kallo saboda fim ɗin da ko tallansa bai fito ba. Ka kuma tabbatar manhajar tana aiki a ƙasar da kake, domin lokacin da Disney+ ta shigo Afirka a 2022, Afirka ta Kudu da ƙasashen arewacin nahiyar ta buɗe wa.

In tikiti ɗaya gare ka kuma ka daɗe kana bin Marvel, ajiye shi sai Disambar 2026 don Doomsday, amma ka kalli Thunderbolts* da Fantastic Four na 2025 kafin nan, don su ne suka share wa Doomsday hanya. In yanzu za ka fara, nemi Superman na 2025, in ya yi maka ka bi Supergirl. Avengers ka bar shi sai ya sauko waya, lokacin da za ka iya tsayar da shi ka tambayi wanda ya sani.