Sharhi kan sabon rediyon neman hanya da muka sa wa jirginmu

Shekara shida ke nan ina tuƙa wani ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 182, mallakar wani Alhaji manomin shinkafa a nan Birnin Kebbi. Yawancin tashinmu bai wuce shawagi a kan fadamun Argungu da Suru ba, sai kuma zuwa Sakkwato ko Kano idan harkar kasuwanci ta taso. Jirgin na ƙarshen shekarun 1970 ne, rediyon da na tarar a cikinsa kuwa, wanda ya haɗa ɓangaren magana da na neman hanya a akwati ɗaya, ya kusa zama sa'ansa.

Na daɗe ina lallaɓa shi, har wata ranar hunturu da muke dawowa daga Kano, hazo ya rufe ƙasa ruf, rana ta koma kamar farin faifai. Wasu layukan lambobin allonsa sun mutu, ta yadda 8 da 0 suka zama abu ɗaya a idona, allurar da ke nuna hanya tana ta rawa hagu da dama, ga ma'aikacin hasumiya yana cewa in maimaita domin muryata na yankewa. Da GPS na ƙarasa gida lafiya, amma muna sauka a filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa na ce wa mai jirgin: “Ranka ya daɗe, ba zan sake ɗaukar ka cikin hazo da wannan rediyon ba.” Bai yi mini gardama ba.

Zan ɗan yi bayanin aikin na'urar saboda wanda bai saba da harkar ba. Akwai tashoshi a ƙasa da ake kira VOR, masu aika sigina a tsakanin megahaz 108 zuwa 117.95, kuma daga wannan siginar rediyon ke gane kan wane layi jirgi yake cikin layuka 360 da suka fito daga tashar, sai allura ta gaya wa matuƙi ko ya karkace. Wannan ɓangaren ne kuma ke karɓar siginar ILS, wadda ke jan jirgi zuwa bakin titin sauka idan gani ya yi ƙaranci. Magana da hasumiya tana da nata zangon, daga megahaz 118 zuwa ƙasa kaɗan da 137.

Mun tsaya tsakanin na'urori biyu na kamfanin Garmin. GTN 650Xi ta haɗa har da GPS da taswira a allon taɓawa, sai dai da muka juya kuɗinta daga dala zuwa naira, muka kuma tuna muna da GPS mai lafiya a jirgin, sai muka zaɓi GNC 255A, rediyo mai ƙarfin wat 10 wanda aikinsa magana da neman hanya kawai. Har yau ina ganin zaɓin ya yi daidai.

Inda na fi ƙaruwa shi ne rumfar gyara. Mun kai jirgin wani kamfani mai lasisin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, a wajen jihar, kuma a rana ta biyu injiniyan ya kira ni ya ce: “Kyaftin, zo ka ga abin da ke damun allurarka.” Ya zaro wayar eriya da ta taso daga wutsiyar jirgin har zuwa gaban matuƙi, tsohuwar waya ƙirar RG-58, ya lanƙwasa ta a gabana sai fatarta ta tsage kamar busasshen ƙirgi. Bakin mahaɗarta ya yi kore da tsatsa, bayan allon na'urori kuwa jar ƙura ta daskare har ana iya kankare ta da farce. Ya ce da mun ɗora sabon rediyo a kan wannan wayar, da allurar ta ci gaba da rawarta, mu kuma mu ɗora wa sabuwar na'ura laifin da ba nata ba. Muka amince aka sauya wayoyin duka da RG-400 mai rufi biyu, aka kwance sandunan eriyar da ke kan wutsiya aka goge mazauninsu har ƙarfe ya fito fes. Kuɗin aikin ya ƙaru sosai, Alhaji ma ya ɗan ɓata rai, amma a duk abin da muka kashe babu wanda na fi ganin amfaninsa kamar wannan.

Kukana da kamfanin gyaran guda ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba ne. Sun yi mana alkawarin mako biyu, jirgin ya shafe fiye da mako shida a hannunsu, domin sai bayan sun warware komai suka sanar da mu cewa tsohon agogon allurar ba zai yi aiki da sabon rediyon ba. Dole aka yi odar wani daga waje, aka zauna jiran ya iso ya fito daga kwastan, alhali lokacin girbin rani ne da aka fi buƙatar jirgin. Wannan abu ne da ya kamata su duba tun ranar da suka ba mu farashi. Aikin takardu kam sun yi shi tsaf, sun gyara lissafin nauyin jirgin, sun sake daidaita kamfas, sun rubuta komai a littafin jirgin.

Yanzu na yi kimanin sa'o'i 40 da sabon rediyon a sama. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne yadda yake karanta sunan tasha da kansa. Kowace tashar VOR tana aika haruffan sunanta da ƙarar Morse, kuma a da sai na kasa kunne cikin rugugin inji ina ƙirga gajeru da dogayen sautuka kafin in yarda da allura, yanzu kuwa haruffan ne ke bayyana a allo. Ina kuma iya sauraron zango na biyu ba tare da na bar na farko ba, wato ina jin rahoton yanayin Kano tun daga nesa alhali kunnena yana tare da mai kula da zirga-zirga. Idan aka danne maɓallin musanya zangunan biyu na ɗan lokaci, zangon gaggawa na 121.5 ke fitowa. A zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a filin Ambursa, allon yana karantuwa cikin rana tsaka kuma bai taɓa ɗaukewa ba.

Akwai abubuwan da mai saye ya kamata ya sani tun farko. Jerin zangunan filayen jirage da ke cikinsa sai an riƙa sabunta shi, tun da bayanan jiragen sama na duniya duk kwana 28 ake sabunta su. Tazarar kilohaz 8.33 tsakanin zango da zango, wadda aka wajabta a Turai, yana da ita, amma ban taɓa buƙatar ta a hanyoyin da nake bi ba. Sannan sabon rediyo ba ya kawar da iyakar VOR, domin siginarta miƙe take tafiya, idan na yi ƙasa-ƙasa a kan fadama tashar Sakkwato ɓacewa take yi har sai na ƙara hawa.

Wasu abokan aiki sun tambaye ni dalilin kashe kuɗi a kan VOR a zamanin GPS. Amsata ita ce siginar tauraron ɗan'adam tana iya ɗaukewa ko a toshe ta, kuma a ranar hazo ina son hanya ta biyu wadda ba ta jingina da ta farko ba. A tafiyarmu ta ƙarshe zuwa Kano na roƙi hasumiya ta ba ni sauka ta ILS duk da gari garau yake, don in gwada. Alluran biyu, ta hagu da dama da ta sama da ƙasa, suka tsaya cak a tsakiya tun daga nesa, ba su motsa ba har na hango fararen layukan bakin titi ta saman hancin jirgin.